Sunan da Kaka Ta Ƙi Faɗi

Na gaji. In na ce maku wani abu ban da wannan, ƙarya na yi.

Damina biyu ke nan tun da dangin Ja'afar sunka zo gidanmu a Wurno neman aurena, kuma har yau ba a ce masu i ba, ba a ce masu a'a ba. Ni Adawiyya, malamar firamare, wadda ƙannen bayanta sun yi goyo na biyu, ina nan zaune ana jiran sunan wani mamaci kafin a ɗaura mani aure.

Baffa Maccido ne ya ƙulla wannan. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe mu tun da Baba ya rasu, shi ne kuma waliyyina. Mutum ne wanda in ka gaishe shi da safe ka yi kuskuren tsayawa, sai ya lissafo maka kakanninmu tun daga kanshi har Malam Faruku, kakan ubanshi, wanda ya gina zauren gidanmu. Yara na koyon wannan jerin sunaye a gidan kafin su iya ɗaure wando.

Ranar da Ja'afar ya durƙusa gabanshi, Baffa bai tambaye shi sana'a ba, bai tambaye shi karatu ba. Abu guda ya ce:

"Sunan ubanka, sunan kakanka na yanka, sunan uban kakanka, da garin da sunka hito. Ka kawo man su, in ba ka ɗiya."

A lokacin har dariya na yi a bayan ƙyaure. Na ce wannan ai aikin wuni guda ne.

Ja'afar manomin albasa da tafarnuwa ne a fadamar Goronyo, yana da injin ban ruwa nashi na kanshi, ba ya roƙon kowa. Ubanshi Iliyasu ya rasu tun yana ƙarami. Kakanshi kuwa duk duniya Ɗanasabe ta san shi da shi, kuma wannan ai ba suna ba ne, laƙabi ne na wanda anka haifa ran Asabar. Ka shiga kasuwar Goronyo ka ce Ɗanasabe, mutum goma za su waiwayo.

Ba inda bawan Allah nan bai taka ba. Ya bi tsofaffin masunta na bakin Rima ɗaya bayan ɗaya, ya je har Shinaka a lokacin da mutane ke gudun hanyar saboda 'yan bindiga. Duk tsohon da ya samu sai ya aje waya gabanshi ya ɗauki muryarshi. Wayar ta cika da labarai. Wani ya ce Ɗanasabe ya iya su da gora fiye da kowa. Wani ya ce shekarar da ruwa ya ci gari shi ya fid da mata da yara a kan bayanshi. Wani ya ce ba ya cin abinci cikin taro, kuma ba a taɓa jin ya ce zai je gida ganin dangi ba. Kowa ya san abin da ya yi, ba wanda ya san daga ina ya fito. Tungar da ya zauna ta daɗe ƙarƙashin ruwan dam, mutanenta sun watse, limamin da ya ɗaura mashi aure ya riga shi mutuwa.

Mutum guda ta rage a duniya da ta san sunan, ita ce Kaka, matar Ɗanasabe, wadda ke zaune Gandi wurin ɗan ƙanenta. Ita kuwa macce ce ta da. Tun da anka kai ta ɗakinshi ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, balle na surukinta. Ɗanta na fari ma, uban Ja'afar, har ya koma ga Allah "yaron ga" take ce mashi. Duk zuwan da Ja'afar ya yi, da ya ɗauko maganar sai ta ja mayafi ta rufe baki ta ce ya tashi ya ba ta wuri, marar kunya.

Ana cikin haka Alhaji Mainasara ya shigo, dillalin albasa mai manyan motoci da ke loda kaya zuwa kudu. Shi kam kakanninshi a bakin Baffa suke kamar na gidanmu. Ba ya zuwa zance, buhuna yake aikowa. Gidanmu ya koma yana warin albasa har cikin kayan sawa. Baffa ya ce mani ba ya tilasta ni, ni ba yarinya ba ce, amma in sani ba zai ba da ni inda bai sani ba, kuma in an sha ruwan azumin bana Ja'afar bai kawo komi ba, maganarshi ta mutu.

Ranar da na gaya ma Ja'afar haka, bayan la'asar ne, a ƙofar gida. Ya rame har wuyan rigarshi ya yi mashi yawa.

"Adawiyya, ko in haƙura?"

Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa mashi mari. Sai kuka ya riga hannuna.

"Ka haƙura da mi? Da ni?"

"Da wahal da ke. Kullum in na zo sai in ga kin ƙara zubewa. Ni ban san ko ni wane ne ba, kuma na ja ki cikin rashin sanin."

Na ce mashi ni na san ko shi wane ne. Shi ne wanda ya yi ta kai Inna, mahaifiyata, asibiti a kan babur ɗinshi watan da ta yi jinya, lokacin da masu kakanni ke aiko da gaisuwa ta waya. Na ce in ya sake furta mani haƙura, to ya haɗa da sallama. Ya sa gefen hula ya goge ido. Namiji ne mai kunyar kuka, amma ran nan bai iya ɓoyewa ba.

Gwaggo Bilkisu, ƙanwar Baffa, ta ji mu daga soro. Bazawara ce da ta dawo gida tun da mijinta ya rasu, bakinta kuma ba ya da linzami. Da na shiga ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ita 'yan boko na ba ta tausai. Wa ya gaya muna ana tambayar tsohuwa sunan mijinta kai tsaye? Ai ba a sa ta faɗi. Zama ake yi gabanta a yi ta kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, tana cewa a'a, a'a. Ranar da anka faɗa kan na mijin, sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Ta faɗa ke nan, kuma bakinta bai kama ba. Haka ake yi wurin rabon gado, haka ake yi gaban alƙali, tun kafin a haife mu.

Na rungume ta har ta ce in sake ta kar in karya mata haƙarƙari.

Baffa ya yarda, da sharaɗin Gwaggo ta je da kanta ta zama shaida, don shi ba ya karɓar asali daga bakin masoya.

Ni da Gwaggo da Ja'afar munka tashi da hantsi ranar kasuwar Gandi, don ran nan ne hanya ke da mutane. Daga Wurno zuwa Rabah mota, daga Rabah munka shiga wata tsohuwar bas da anka cusa mu tare da awaki da buhunan gero. Gwaggo ta zagi direba tun daga tasha har munka sauka. Ni kuwa zuciyata fes, har ina lissafin wa zan ba ɗinkin biki.

Mun iske Kaka ƙarƙashin rumfa tana tsinke zogale a faifai. 'Yar ƙaramar tsohuwa, idanunta sun yi fari, amma kunnenta garau. Da ta ji muryar Ja'afar ta washe baki ta ce angonta ya zo, yau kuma mi ya kawo ma amaryarshi? Da ya ce ga Adawiyya, sai ta lalubo hannuna ta matsa ta ce ashe wannan ce mai son ƙwace mata miji, to ba ƙashi gare ni ba, ba zan iya daka ba. Munka yi dariya, anka kawo fura.

Sai ta tambayi Gwaggo daga wane gida muke a Wurno.

Gwaggo ta gyara zama, irin na 'yan gidanmu in an zo wurin, ta ce gidan Malam Faruku.

Hannun Kaka ya tsaya cikin faifai. Na gani da idona, amma na ɗauka gajiya ce ta tsufa. Ta ce, "Allah sarki," ta ci gaba da tsinkar ganye.

Gwaggo ta yi mata bayanin abin da ya kawo mu, a hankali, macce da macce. Ta ce ba wanda zai sa ta kama suna, ita dai ta saurara. Kaka ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Gwaggo ta fara.

Muhammadu? A'a. Abubakar? A'a. Ummaru, Usmanu, Aliyu, Bello, Haruna? Kaka na girgiza kai tana tsinkar zogalenta. Ja'afar ya aje waya bisa tabarma. Gwaggo ta bi annabawa tana ƙirgawa da yatsu, har ta ce, "Isma'ila?"

Kaka ta yi shiru. Ta ja mayafi ta sauke shi har bisa hanci, ta sunkuyar da kai kamar amaryar jiya.

Ja'afar ya maimaita sunan a hankali, sau biyu, kamar mai ɗanɗana abu. Hawaye na zuba mashi bai ma sani ba. Ni ma na yi kuka, amma na daɗi. Na ce a raina saura guda, mu koma gida kafin rana ta karkata.

Gwaggo ta kurɓi fura ta koma kan sunan suruki. Ta sake bi daga farko. A'a. Ta ƙare annabawa, ta ƙare sahabbai, ta shiga sunayen Fulani, Sambo, Buba, Jabbi, Dikko. A'a. Ta shiga na masunta da na Gobirawa da na Zamfarawa. Ni na karɓa na kira duk sunan da na taɓa ji a ajina. Ja'afar ya kira na tsofaffin da ya yi hira da su. Anka yi azahar, munka dawo munka ɗora. Inuwar rumfa ta gudu ta bar mu cikin rana, muryar Gwaggo ta dushe, Kaka na nan tana girgiza kai.

Nan ne haƙurina ya ƙare, kuma ni in nawa ya ƙare ba na iya tauna magana.

"Kaka, don girman Allah," na ce, ina kuka, "duk sunan da Musulmi ke raɗa ma ɗanshi mun kira. Ko dai mun wuce shi kin ƙi nunawa? Kunyarki za ta kashe mani aure. Wanda kike jin kunyarshi ya daɗe cikin ƙasa, mu muna raye."

Gwaggo ta make mani cinya. Ja'afar ya ce, "Adawiyya," da muryar da bai taɓa kirana da ita ba.

Kaka ta ture faifai gefe. Ta ɗaga fararen idanunta wajen da muryata ta fito.

"Ɗiyag ga, ba ku wuce shi ba. Ko kun kwana nan kuna kira ba ku kai gare shi, don ba uba ya raɗa mashi shi ba. Ubangida ya raɗa mashi."

Can bayan katanga ana ta cinikin awaki.

Ta ce ita ma ta gaji. Shekara sittin da wani abu tana ɗauke da shi ita kaɗai, kowa na yaba mata kunya, alhali rabi kunya ce rabi tsoro. Mai gidanta ya sa ta rantse ta bar maganar ta mutu da ita. Amma ga shi jikanta ya zama kamar mahaukaci yana bin ƙauyuka yana tambayar ko shi ɗan wa ne, kuma in ta mutu gobe, shi ke nan, kamar ba a taɓa yin mutumin ba.

Ta juya wajen Ja'afar ta ce ya matso da abin ɗaukar maganar nan nashi.

"Uban kakanka sunanshi Nasamu."

Da ta faɗa sai ta toshe bakinta da hannu biyu, tana neman gafara. Na ga tsohuwa ta tsufa a gabana cikin ƙiftawar ido.

Sauran labarin a hankali ya fito, tana yi tana hutawa. Nasamu yana yaro ƙarami anka kamo shi a yaƙi, daga wata ƙasa da shi kanshi ya manta sunanta, sai dai yana tuna akwai duwatsu da uwa mai waƙa in tana niƙa. Anka kawo shi runji, wato ƙauyen bayi masu noma ma ubangida, can wajen Sisawa. Nan ya girma, nan anka ba shi mata, nan ya haifi Isma'ila. Har bayan da anka ce bauta ta ƙare bai tafi ko'ina ba, don bai san inda za shi ba. Isma'ila ne da ya zama saurayi ya nemi wata 'yar gari, anka yi mashi dariya a bainar jama'a anka tuna mashi ko shi ɗan wa ne. Sai ya ɗauki gora ya bi ruwa, ya bar sunanshi a can, ya ce ɗiyanshi ba za su gaji wannan dariyar ba.

Gwaggo ce ta yi tambayar da ni na kasa. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, runjin wa?

Kaka ta ce, "Kin sani, ɗiyar Malam Faruku. Tun da kinka hwaɗi gidanku na san yau ta zo."

Ban san yadda munka yi sallama ba. Na dai tuna Ja'afar ya durƙusa ya ɗora goshinshi bisa gwiwar Kaka, ita tana shafa kanshi tana ce mashi ya yafe mata, shi yana ce mata ita za ta yafe mashi. Ni ko kallona ba ta sake yi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Munka shiga bas munka kamo hanyar gida. Gwaggo ma ta bar direba ya huta. Sai da munka sauka tashar Rabah muna jiran motar Wurno ta cika, ta ja mu gindin wata bishiya nesa da mutane.

Ta ce mu saurare ta da kyau. Ita tsohuwa ce, kunnenta ya yi nauyi, kuma yau kasuwa ta cika da hayaniya. Ita abin da ta ji shi ne Isma'ila ɗan Abdullahi, mutanen bakin ruwa. Ai kowa bawan Allah ne, ba ƙarya a ciki. In ta faɗi haka gaban yayanta, ba shi da ta cewa, don shi ya aiko ta. A goge abin da ke cikin waya, a ɗaura aure bayan salla, kowa ya huta.

Na kama hannun Gwaggo na sumbata. Wallahi ji na yi an sauke mani dutse daga ƙirji. Na juya wajen Ja'afar ina jiran ya yi godiya.

Bai yi ba. Yana tsaye riƙe da wayar da hannu biyu.

"Ja'afar, ka ji abin da Gwaggo ta ce?"

"Na ji."

"To mi kake jira? Suna ne fa kawai. Mutumin ya mutu tun kafin a haifi ubanka. Mi zai rage shi da shi?"

"Adawiyya, kin ga abin da tsohuwar nan ta yi yau. Abin da ta tsare tun tana amarya ta zubar a gabanmu saboda ni. In je in ce Abdullahi?"

Na ce mashi Kaka da kanta ɓoyewa ta yi, kakanshi ɓoyewa ya yi, shi wane ne da zai fi su? Na ce ya san Baffa. Na ce damina biyu na yi ina jiranshi, ƙawayena na yi mani kallon tausai, na ƙi mai motoci saboda shi, yanzu ga ƙofa an buɗe muna zai tsaya yana mani taurin kai a kan mutumin da bai taɓa gani ba. Na yi kuka har masu sayar da rake sunka fara leƙe. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da Annabi, na roƙe shi da son da yake mani.

Ya ce, "An raba shi da uwarshi, an raba shi da sunanshi na gaske, ɗanshi ya gudu ya bar shi. Ni kaɗai na rage mashi."

"Ni fa? Wa ya rage mani?"

Yaron mota ya ƙwala kiran Wurno, munka shiga. Duk tsawon hanya ina kallon ƙeyarshi, ina ƙin shi, ina son shi, na rasa wanne ya fi yawa. Na yi ta addu'a Allah ya sa in ya ga fuskar Baffa gabanshi ya faɗi ya bi maganar Gwaggo.

Mun iso ana fitowa daga sallar la'asar. Baffa na zaune a zaure bisa buzunshi, da maƙwabta biyu da ke taya shi hira, ga kuma Alhaji Mainasara da kanshi, wanda bai taɓa zuwa ba sai yau, ya sha babbar riga yana danna waya. Ashe labarin tafiyarmu ya zaga gari.

Ni da Gwaggo munka shige ciki kamar yadda mata ke yi. Na tuɓe takalmi na laɓe bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da tsakar gida, inda na saba laɓewa. Gwaggo ta tsaya bakin ƙofa.

Baffa ya ce, "Bilkisu, an samu?"

Ta buɗe baki. Na ji ta ja numfashi, na san Abdullahi ne ke bisa harshenta.

Ja'afar ya riga ta.

"Baffa, ni zan faɗa, tunda nawa ne."

Ya durƙusa tsakiyar zaure, ya cire hula ya riƙe.

"Ni ne Ja'afar ɗan Iliyasu, ɗan Isma'ila da ake ce ma Ɗanasabe, ɗan Nasamu. Garin da Nasamu ya fito ba wanda ya sani, don yana yaro anka kamo shi. Ya yi rayuwarshi yana noma a runjin Malam Faruku wajen Sisawa, can kuma anka binne shi. Ka ce in kawo suna uku da gari. Ga su, ban rage komi ba."

Maƙwabtan nan sunka sunkuyar da kai. Alhaji Mainasara ya daina danna waya. Na leƙa ta tsagar ƙyaure na ga Baffa yana jan carbi a hankali, fuskarshi ba fushi, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Sai Baffa ya dubi Ja'afar.

"Yaro, kakanni nac ce ka kawo man. Nasamu na san sunanshi tun ina ƙarami. Yana cikin gadon da Malam ya bari, shi da shanu da gonar fadama. Da anka raba, cikin rabon kakana ya hwaɗo."

Wani daga cikin maƙwabtan ya ce subhanallahi a ƙasan maƙoshi. Ja'afar bai ɗaga kai ba, amma na ga hular ta murɗe a hannunshi.

Duk fushin da na yo da shi daga Rabah ban san inda ya tafi ba. Na dai ga na ture ƙyaure na shiga zauren da macce ba ta tsayawa in maza na zaune, ƙafata ba takalmi. Ban durƙusa gaban Baffa ba. Na je gefen Ja'afar na durƙusa.

Baffa ya ce in koma ciki.

"Baffa, kai ka riƙe ni, ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Ka sa sharaɗi gaban mutane, ya cika gaban mutane. An ba shi hanyar da zai yi maka ƙarya ka karɓa da hannu biyu, ni da kaina na roƙe shi ya yi, ya ƙi. In ka hana shi, ka hana, kai ne waliyyi. Amma ka sani ba ni auren kowa bayanshi. In kuwa Allah ya ƙaddara, ɗana na fari Isma'ila za a raɗa mashi, kuma zai san sunan Nasamu kamar yadda zai san na Malam Faruku, don duka biyun kakanninshi ne."

Carbin ya tsaya. Alhaji Mainasara ya miƙe ya kaɗe riga ya fita ba sallama.

Baffa bai kalle ni ba. Ƙanwarshi ya kalla, wadda har yanzu ke tsaye bakin ƙofa.

"Bilkisu, ɗauko mata takalmanta. Ƙafar da ta hito da ita nan ba ta komawa cikin gidan ga."

Na ji Inna ta fashe da kuka daga tsakar gida. Ja'afar ya ce, "Baffa, don Allah," Baffa ya ɗaga mashi hannu. Ni kuwa hawayen ma sun ƙafe, ban san ina zan kwana ba, kuma ban da ƙarfin tunanin.

Gwaggo ta kalli yayanta. Sannan ta juya ta shiga ciki.

Da ta dawo ta yafa mayafinta na unguwa, ƙullin kayanta a hammata. Ta aje takalmana gabana, ta aje nata kusa da su, ta dafa bango ta fara sawa.